Fenti da Gyara

Shekara talatin na yi ina riƙon fayil a sashen ilimi, takarda ko ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Shi ya sa da aka tura ƙanena kwas na wata shida, ni ya damƙa wa amanar motarsa. Mota ce mai ƙofa biyu, gajeruwa, cikinta kusa da ƙasa, irin ta masu son gudu. Ko hanyar Gubuchi ba ta shiguwa da ita da damina. Ta cikin ƙafafunta ana hango kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, jajaye wur. Da su yake alfahari.

Damina ta wuce motar tana ƙarƙashin rumfata a Maƙarfi. Saura mako guda ya dawo na duƙa na duba, sai na tarar fentin kalifa ya ɓare, tsatsa ta ci su, ta gaba ta hagu kuma ta cije. Na ƙudurta cewa yadda ya ba ni ita, haka zan mayar masa.

Aka kwatanta mini wani dattijo a Ikara, bakanike kuma mai fenti, wanda ya saba da injin niƙa da garmar shanu. Bayan mun gaisa, na nuna masa wurin da yatsa. Da yake ban yarda da maganar baka ba, na rubuta masa umarni, na riƙe kwafi: "Kalifa huɗu. Fenti ja, da gyara."

Da na koma bayan kwana biyu, tun daga nesa na ga ja ya yi yawa. Ya fente kalifa, ya fente faifan gaba ɗaya, har da fuskar da birki ke kamawa, ya mayar da komai ya ɗaure.

Na ce, "Malam, wa ya sa ka taɓa faifan?"

Ya yi murmushin wanda ke jiran godiya. "Ranka ya daɗe, ai gyaran ke nan. Fenti ya ragu a gwangwani, na ce mutum kamarka ya rubuta gyara da hannunsa, in hana shi?"

"Gyara na ce! A kwance, a goge tsatsa, a sa roba sabuwa!"

"To ai ba ka ce a gyara ba, Alhaji. Cewa ka yi da gyara. Ko mai ƙosai ka faɗa wa haka, ta san biyu za ta ɗora maka."

Masu zama a bencin gareji suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Baba, ka ƙara masa a madubi ma!"

Na ciro kwafina domin in kafa masa hujja, na karanta sau biyu, na ninke na mayar aljihu. Abin da ya faɗa shi ne a rubuce. Kalifar da ta cije kuwa ko buɗe ta bai yi ba.

Don taurin kai na ce zan gwada. Ban yi nisa ba na taka birki, motar ta ci gaba da sulalewa, ƙauri ya cika ta, da ƙyar ta tsaya dab da tulin raken wani bawan Allah a bakin hanya.

Wuni uku muka yi ni da dattijon muna kankare faifai da samfefa da tina mai narkar da fenti, yana ta mamakin yadda ake ɓata kyauta. Faifan ya fita, amma abin da ke cizonsa ya sha fenti ya lalace, kuma babu irinsa a Ikara, babu a Maƙarfi, babu a Kudan.

Ƙanena ya tarar da motarsa a kan duwatsu huɗu, ba ƙafafu. Ina iya ɗora wa dattijon laifin duka, kuma ƙanena zai yarda da ni. Sai na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya ce, "Ba komai, Yaya, Allah ya kiyaye gaba," cikin ladabin da ya fi faɗa zafi.

Bara aka sake tura shi kwas. Ya kai motar Zariya wurin wani abokinsa. Ya ce mini garejin can ya fi rumfata rufi.