Jan Doki da Carbin Baba

Jan dokin da Baba ya sayo a hannun wani makiyayi ta wajen Dudunni ba ya cizo, ba ya harbi, amma kada ka kuskura ka kai hannu kusa da kansa. Gefen bakinsa duk tabo ne, wani can baya ya yage shi da linzami. Da ya hango ƙarfe sai ya miƙe da ƙafa biyu. Baba ya yi wata uku yana fama, sannan ya yanke magana: in aka gama kai gero rumbu bai karɓi linzami ba, dillalin da ke lodin dabbobi zuwa kudu zai zo ya ɗauke shi. Kowa ya san ba don hawa ake kai su can ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Ina koyarwa a Kankiya, sai ƙarshen mako nake zuwa gida Kusada. A waya na ga wata mata tana horar da doki ba bulala. Da ya yi daidai sai ta danna wani ɗan abu ya ce ƙas, ta miƙa masa abinci. Na maimaita kallon har data ta ƙare. Ni dai so nake in gane, ƙarar ce ke aiki ko kwaɗayi?

Abin dannawar ne ba ni da shi. Amma Baba na da carbin ƙarfe guda biyu, irin mai lamba da ake dannawa da babban yatsa, sai na ari tsohon. Na kewaye fili a bayan gida da dangar kara, na cika aljihu da dawa. Ƙa'idar ɗaya ce: kowace ƙara sai tukwici ya biyo ta, in ba haka ba ta zama banza. Cikin kwana biyu dokin ya gane. In na ce ƙas, kunnuwansa su miƙe, ya taho. Da na ɗaga hannu wajen goshinsa kuwa, sai ya yi baya. Baba ya leƙo ya ce bai taɓa ganin inda aka ba doki cin hanci ba.

Abin da na manta shi ne, a gindin darbejiyar da ke jikin dangar nan Baba ke lazimi bayan la'asar, da ɗaya carbin. Sai ranar Laraba ina tsakiyar aji abin ya faɗo mini. Ƙas ɗari-ɗari kullum, babu ko ƙwayar dawa. Na ce shi ke nan, aikina ya rushe.

Ranar Juma'a na iso da la'asar sakaliya, na laɓe a bayan rumbu. Baba na kan buzunsa yana dannawa. Dokin ya zuro wuya ta saman danga, ya sauke kai har haɓarsa na taɓa kafaɗar tsohon, ya yi tsit. Sai da lamba ta cika ɗari Baba ya zura hannu aljihu ya ba shi dawa, ya shafi goshinsa, ya ja masa kunne. Kan nan da ba a taɓawa.

Na fito na tambaye shi yadda aka yi.

"Mi kake so in yi?" ya ce. "Ina ambaton Allah dabba ta zo ta tsaya mani, in kore ta? Na dai ce mashi ya jira in kai ɗari."

Daga nan muka riƙa sa masa ragamar igiya yana cikin jiran nan, ana cika ɗari ya samu rabonsa. Har hawa na yi, muka zaga filin. Linzamin ƙarfe kam har aka gama kai gero bai yarda da shi ba, kuma da linzami Baba ya yi sharaɗi.

Dillali ya zo da safe da igiyarsa. Na san Baba ba ya magana biyu. Ya dubi dokin, ya dubi mutumin, ya daɗe yana juya carbi a hannu.

"Tahi abinka," ya ce. "Wanda muke lazimi tare ba ya shiga mota."

Ni kuma ya ce in maido masa tsohon carbinsa, tunda aro ya ba ni.