Katakon da Isufu Ya Kankare

Yau idan kuka hau tsaunin Mambila kuka ga gidajen baƙi masu baƙin bango a cikin ciyawa, ba wanda zai ce gobara aka yi. A da kuwa, a wajenmu baƙin katako gawayi ne, murhu ne makomarsa. Shi ya sa ban taɓa mantawa da ranar da irin wannan katako ya fara shiga sitonmu a Guangzhou ta ƙasar Sin ba, a shekarar 2008, ana gab da wasannin Olamfik.

A lokacin ni ne wakilin saye na kamfaninmu. Aikina in nemo kaya, in yi tafinta tsakanin mai saye da masana'anta, in ga an loda kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha. Wani Alhaji da ke gina ɗakunan baƙi a Mambila ya ce in samo masa abin rufe bango da zai jure ruwa da gara, wanda kuma ba zai ɓata kyan dutsen ba. Nan take na tuno wani ƙauye a Japan. Na ga ginin dutse a Maroko, na ga na katako mai fenti a Turkiyya, amma ban ga gidan da ya zauna cikin daji kamar can ya tsiro ba sai na wannan ƙauye. Suna babbake fuskar katako har ta yi baƙi ƙirin, sai ruwa ya riƙa zamewa, ƙwari su rage sha'awarsa.

Na sami wata ƙaramar masana'anta a bayan gari da ke yin sa. Ranar da na ga yadda ake yi, daɗi ya hana ni zama. A ɗaure katako uku a tsaye kamar bututu, a kunna wuta a gindi, ta yi gurnani ta fito ta sama, sannan a kwance a zuba ruwa. Alhaji ya amince, amma da sharaɗi: kaya su isa farkon rani, lokacin da manyan motoci ke iya hawa dutsen. Ga bincike ya tsananta a tashoshi saboda wasannin. Idan jirgin ruwan da zai ɗauki kayan ya wuce mu, ginin sai baɗi.

Mai kula da sitonmu Malam Isufu ne, mutumin Maraɗi. Aka kawo kayan ina garin Shiling wajen masu jakunkuna. Ya buɗe, ya ga baƙi, ya ji ƙauri, ya yanke cewa laoban, wato mai masana'antar, ragowar gobara ya turo mana. Don ya rufa min asiri bai kira ni ba. Ya tara leburori, ya raba musu burushin waya.

Da na dawo na tarar da su kamar masu sayar da gawayi, sun kankare kusan rabin kayan. Na tambaye shi abin da yake yi.

"Baba, mutuncinka nake wankewa," in ji shi.

Na yi masa bayani ina haki. Sai ya tambaya ko irin babbakar da suke yi wa ƙafar rumbu a garinsu ce kafin a kafa ta, saboda gara. Na ce ita ce. Ya ce to me ya sa ban faɗa da Hausa ba, na je na ɗauko ta daga Japan.

Na kira laoban na roƙi sabon katako. Ya ce "mei you", babu, kuma babu lokacin sake babbakewa. Amma ya zo da kansa. Ya shafa wanda aka kankare, ya duba tafinsa, ya fashe da dariya. Ya ce ai wannan ma salo ne da ake nema: an cire tokar sama, launin wuta ya zauna, zanen itacen ya fito. Mai kawai za a shafa masa. Na duba da kyau, wallahi kamar an yi masa aiki da allura.

Na buga wa Alhaji waya na faɗa masa duk yadda aka yi. Sai ya ce dama akwai abin da ke damunsa ya rasa yadda zai faɗa: baƙinsa masu fararen riguna ne, kuma ba Bahaushen da zai zauna a baranda bai jingina da bango ba. Ya ce wanda aka kankare na baranda ne, baƙin katakon kuma na bayan ɗaki, inda ruwa ke duka.

Muka shafa mai gaba ɗayanmu, har laoban ya naɗe hannun riga. Kwantena ta kama jirgi. Isufu ya yi ta yawo a cikin mutanenmu yana cewa shi ya koya wa Japan aiki.

Abin da na koya shi ne, a sana'armu mai riƙe kaya sai ya san amfanin kayan, in ba haka ba kirkinsa ma zai iya yin ɓarna. Daga ranar, ba abin da ke shiga sitonmu sai an zaunar da mai sito an faɗa masa ko mene ne. Kuma duk wanda ya yi odar katakon nan, na baranda kankararre muke aika masa.