Jakin da Ya Ɓata a Shagon Mai Inji

Ran da Malam Almakashi ya zaga rabin gari da jaki manne a gadon bayansa, ni ban gani ba sai da ya dawo. Da na gani da na gaya masa, amma sai bayan na gama dariya.

Jakin na takarda ne, faɗin tafin hannu biyu, kunnuwa a miƙe, haƙora waje. Malam maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da aka rufe makarantar da yake koyarwa ya mayar da garejin gidansa aji, yana koya wa yaran layinmu Turanci da yamma. Ba ya duka, ba ya hadda, sai wasa. Akwai wanda ake manna wa mutum hoton dabba a baya da salatif, shi kuma ya yi ta tambaya da Turanci har ya gane mene ne. Ranar yara suka manna masa nasa, aka tashi, ya manta, ya fita.

Inda ya fara tsayawa shagon Mai Inji ne, mai fotokwafi na bakin titi, inda yake buga duk takardun wasanninsa. Mai Inji ya ga jakin. Ya ce, "Malam, ɗan duba min agogon bangon can, idona ya fara rauni." Malam na juyawa ya ɗauke shi hoto a waya. Da za su rabu har da bubbuga masa baya, wai a gaida gida, ashe salatif ɗin yake ƙara dannewa.

Haka Malam ya shiga kasuwa, ya shiga motar haya, ya je asibiti duba surukinsa. Tsohon ne, daga kan gado, da ƙarin ruwa a hannu, ya ce, "Yaro, juyo nan. Wannan shaidar wurin aiki ce?"

Kafin ya iso gida hoton ya riga shi.

Bari in gaya muku ko wane ne Malam. Almakashinsa a wuya yake rataye da igiya, tun ran da maiɗakinsa ta yanka kaza da shi. Ba a yar da kwali a gidansa. Na sabulu, na sukari, na maganin sauro, duk katin wasa za su zama. Kuma ba ya kai wa yara wasa sai ya gwada shi tukuna, ni ne abin gwajin. Ya sha leƙo ni ta katanga: "Maƙwabci, zo ka zama ɗan shekara bakwai." In ce, "Malam, Turancina bai wuce na jikin kwalbar lemo ba." Ya ce, "Shi ya sa." Sai ya ƙirga katunan ɗaya bayan ɗaya, mu yi wasan daga farko har ƙarshe, in an cije a wani wuri ya gyara.

Sai dai mutumin yana da riƙo. Wani direba ya taɓa fallatsa masa ruwan kwata, damina ta wuce, wata ta zo, ya gane motar a gidan mai, ya je ya tsaya yana karanta masa laifinsa.

Jakin ya yi masa ɓarna. Yara suka koma yi masa kukan jaki daga bayan benci. Iyaye suka fara cewa wanda bai san abin da ke bayansa ba, ina zai san abin da ke kan 'ya'yansu. Ana cikin haka Mai Inji ya jera benci a cikin shagonsa, ya rataya allo, wai shi ma yana koyar da Turanci ta hanyar wasa. Wasannin kuwa na Malam ne kaf, waɗanda suka rage a kwamfutar shagon, sunan kawai ya goge. Yaran gareji suka kwashe, aka bar Malam da 'yan biyun telan layinmu, su ma don babansu ba ya magana da Mai Inji ne.

Na ce, "Malam, mu je mu ci kwalarsa."

Ya ce, "Kwala tana ɗinkuwa."

Ya yi kwanaki ba ya fita, sai ƙarar almakashi nake ji ta katanga. Bai kira ni gwaji ba, har na ɗan ji haushi. Ran nan na gan shi ya nufi shagon Mai Inji da takardu a hammata, na bi shi, don ba a barin irin wannan kallo. Ya yi sallama da fara'a, ya ce sabon wasa ne, a buga masa kwafi biyu kacal, tunda ɗaliban nasa ke nan. Mai Inji ya karɓa yana lashe baki.

Wasan na farauta ne. A yanka katunan dabbobi, a ɓoye su ko'ina a cikin ɗaki, a ba kowane yaro takarda mai jerin hotunansu da sunayensu na Turanci. Ba a tashi sai an samo duka, wanda ya samo na ƙarshe shi ne sarki, a ba shi kyauta.

Mai Inji ya ga abin burgewa ne, ya buga wa kansa nasa a ɓoye, ya gayyaci iyaye ranar Asabar su zo su ga ci gaba. Bai ƙirga ba, bai gwada ba. Ya yanka ya cusa a lungu-lungu, ya sayo ƙwallo sabuwa fil ya ɗora a kan kanta.

Ni ina bakin taga. Da farko abin gwanin sha'awa, wannan ya zaro zaki daga ƙarƙashin benci, waccan ta ciro kada daga bayan kalanda, iyaye suna tafi. Aka samo komai, saura ɗaya. Jaki. Yana nan a jerin kowa, amma babu shi a ɗaki, kuma ga ƙwallo tana kallonsu.

Yaran suka zazzage durowa. Suka yaga ledojin sabbin takardu. Takardun makaranta na mutane da aka kawo a yi musu fotokwafi suka zama tabarma. Mai Inji yana ihu a tsaya, wani uba ya ce, "A'a, bar su, ai dokar ta ce sai an samu duka." Wani ɗan ƙiriniya ya ce ya tabbata cikin injin yake, ya buɗe murfin ciki, ya fizgo kwalbar garin tawada, ga fanka tana gudu a sama.

Ban taɓa ganin baƙin hadari a cikin ɗaki ba sai ranar. Wata uwa da ta zo da farin mayafi ta fita ba ta gane ɗanta ba sai da ya yi kuka. Injin ya yi tari biyu ya mutu.

Washegari da yamma garejin Malam ya cika har ana zama a kan bokiti. Ana tsakiyar darasi sai ga Mai Inji, kunnuwansa har yanzu baƙi ƙirin, takardar wasan a hannunsa.

Ya ce, "Kai mugu ne, Malam. Ka kawo min wasa ba cikakke ba. Babu jaki a ciki."

Malam ya saki almakashi a hankali, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Ni kwafi biyu na ce ka buga min, ban kawo maka komai ba. Kuma wasana cikakke ne. Jakin yana cikin shagon tun safe, shi ne ma ya raba musu takardun."