Gilas ɗin Ƙarfen Yayana

Yayana ya zo duba jikin Baba ne daga ƙasar da yake karatu, sai rikici ya rutsa da shi. Aka toshe hanyoyin fita daga unguwarmu ta Kilomita Biyar, motocin Kamaru suka daina shigowa, muka rufe shagonmu na kayan gini.

Mutumin da ya saba wuni a ɗakin bincike sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya leƙa titin Koudoukou, ya dawo. Inna ta ce, "Kai, ka zauna mana, kana sa ni jiri."

Ina wanke-wanke na tambaye shi wai me ya baro can da ya hana shi sukuni.

"Ƙarfen da ke daskarewa kamar gilas," in ji shi. Ya ce narkakken ƙarfe idan yana hucewa, ƙwayoyinsa sukan jeru sahu-sahu. Amma in aka zuba masa wasu ƙarafan, masu manyan ƙwayoyi da masu ƙanana, aka sanyaya shi da gaggawa, sai su rasa yadda za su jeru, su daskare a hargitse. Yana da ƙarfin gaske, sai dai yakan tsage farat ɗaya. Aikinsa shi ne gano abin da za a ƙara, ya bar ɗan tsari nan da can don ya tare tsagewar.

"To Yaya, a nan wa zai ba ka wannan?"

Washegari sai ga shi a gidan maƙwabcinmu, wani dattijo mai zuba tukwanen alminiyam. Ya kwashi wayar tagulla da tutiya daga shago, suka yi ta narkawa suna watsawa a kan faranti mai sanyi. Da an ji harbi ta wajen unguwar Kokoro su watse, da an lafa su koma kan zuga-zugi. Duk abin da suka fitar ƙarfe ne kawai, yana lanƙwasuwa. Yayana ya san ba za a samu sanyin da ake buƙata ba, amma ya kasa bari.

Dattijon ya ƙi yarda a zubar da ragowar haɗin, ya zuba wa Inna tukunya da shi. Ranar da ta ɗora miyar kuka, tukunyar ta dare gida biyu, wuta ta mutu. Inna ta tsaya da ludayi a hannu. Yayana ya ɗauki ɓarin yana juyawa.

"Tagullar ce ta yi yawa," ya ce.

"Sai ka ci tagullar," in ji Inna. Har Baba da ke kwance sai da ya yi dariya.

Da aka fara raka ayarin motocin masu barin gari zuwa iyakar Kamaru, Baba ya kira Yayana ya ce ya tafi. Ya yi gardama, Baba ya juya fuska bango. Na raka shi bakin kasuwa, ya hau bayan babbar mota cikin matsi, ko wurin zama bai samu ba. Baba ya rasu kafin damina ta kama, ni na sanar da shi ta waya.