Sallamar da Kuka Yanke a Kaset ɗin Mushe Ɗahiru

Kun yanke kaset ɗin yayana, kuka kuma kunna wa ƴarsa shi a haka.

Yayana Mushe Ɗahiru (Mushe ake kiran malamin boko a wajenmu) shekara talatin ya yi yana koyar da nazarin kiɗa a nan Yamai. Daga Tawa ya zo da akwati ɗaya. Ya rubuta littafi uku, kuma duk sati yana da shafi a jarida inda yake auna makaɗa, ba sassauci. Wani mai gurmi ya taɓa biyo shi har gida a unguwar Gamkalley saboda yayana ya rubuta cewa hannun mai gurmin ya fi kunnensa sauri. Da shan shayi suka rabu.

Littafinsa na ƙarshe a kan gogen bori ne. Ya ɗauki tsofaffin masu goge a kaset, kowane kaset kuma yana ƙarewa da wani kiɗa mai sanyi da ake ta maimaitawa. Na taɓa ce masa, "Yaya, wannan jan rai fa?" Ya ce, "Balki, kiɗan farkon kira ne, wannan sallama ce. Wanda aka kira ba ya tafiya sai an sallame shi." Haka ya rubuta a shafi na tara na littafin. Ba ku karanta ba.

Da ya rasu bara, amana muka ba cibiyarku ta adana kayan tarihi kaset-kaset ɗin. Kuka zuba su a ordinater, wato kwamfuta, kuka ce ƙarshen ya cika wuri, kuka datse. Ranar tunawa da shi, da tsakar rana, kuka saki na goma sha ɗaya a lasifika. Ƴarsa Hamsatu, malamar asibiti mai ƴaƴa biyu, tana zaune a gaba. Kiɗan ya tsaya cak inda kuka yanke. Ita ba ta tsaya ba.

Yau kwana arba'in tana rera shi ƙasa-ƙasa. Tana cin abinci, tana wanka, amma in ta kai wurin yankan sai ta koma farko. Likita bai ga komai ba. Jiya ta dube ni ta ce, "Balki, har yanzu ina tsaye." A zaune take. Kuma tun da ta iya magana Gwaggo take ce mini.

Mai gogen da ke cikin kaset ɗin ya daɗe da rasuwa. Sau huɗu ina zuwa bironku, ofishin cibiyar, kullum shugaba ya yi tafiya. Amma na leƙa tagar ɗakin ajiyarku, na ga kwalin da rubutun yayana a jiki.

Ku fiddo kaset na goma sha ɗaya, na asali. Ku kawo shi Gamkalley kafin Juma'a tare da rediyon da zai juya shi, ku bar shi ya kai ƙarshe.