Kwana Tara a Aikin Hanya

Zamanin Turawa na taɓa yin aikin hanya a Kankiya. Kwana tara na yi, na naɗe tabarmata na koma gida Mawashi.

Matata ta ce, "Malam, korar ka suka yi?"

Na ce, "A'a. Aikin ba wuya, amma sai heluma, shugaban leburori, ya busa usur mutum zai sha fura. Ni kuwa na saba rana ke sallama ta."

Washegari na yi sharar gona har azahar, na dawo tsakar gida ina tufkar igiya. Ɗiyata da na bari tana rarrafe ta dafa gwiwata ta miƙe, ta yi taku biyu. Ni na fara gani, na ƙwala wa uwarta kira.