Sista da Ɗakin Keɓewa

Ƙanwata ce, amma ni ma Sista nake ce mata kamar kowa. Sunan ya biyo ta daga asibiti, inda ta ƙare ƙuruciyarta tana aikin jinya a ɗakin keɓewa, wato inda ake kwantar da masu cutar da ke yaɗuwa. Ɗaki ne mai dogon gilashi ta gefen baranda. 'Yan uwa kan tsaya a waje su ɗora tafin hannu a gilashin, su tafi su bar shatinsa, ita kuma ta bi da tsumma ta goge. Har ta yi ritaya ba a taɓa jin ta buɗe wa wani ƙofar don ya yi mata kuka ba.

Mijinta abokina ne tun makarantar mishan, benci ɗaya muka zauna. Sakatare muke ce masa. A zamaninmu idan ka manta aya a ƙarshen jimla, rula ce za ta tuna maka, kuma darasin ya zauna masa har tsufa: ko gaisuwa zai turo a waya sai ya sa waƙafi a inda ya dace. Da ya bar aiki ya sayi kwamfuta ya ajiye a lungun falo, Sista ta ɗinka mata marufi da ragowar yadin labule.

Bayan rasuwarsa kwamfutar ta daɗe a rufe. Ranar da Sista ta kunna don ta ga hotuna, sai wani jan akwati ya fito a allon yana ƙyafta, wai na'urar ta kamu da ƙwayar cuta, a danna nan a sami magani kyauta. Matar da ba ta taɓa jin an ce cuta ta tsaya jira ba, ta danna. Abin da ta danna ɗin shi ne cutar. Imel ɗin Sakatare kuwa a buɗe ya bar shi, kamar wanda ya fita zai dawo.

Wata safiya ina shan shayi wayata ta yi ƙara. Na duba, sunansa ne. Saƙon ya ce: abokina duba wannan hoton namu. Babu babban baƙi a farko, babu waƙafi, babu aya. Nan take na san ba shi ba ne, duk da haka sai da shayin ya huce a hannuna.

Na tarar da 'yarsu Auta ta riga ni zuwa gidan. Ita ma saƙon ya je mata, haka duk wanda Sakatare ya taɓa rubuta wa. Wani tsohon abokin aikinsa ya buɗe, kwamfutarsa ta kulle da duk hotunan jikokinsa a ciki.

"Kawu, ka yi mata magana," in ji Auta. "Tun tuni yake zuwa mata ba ta faɗa wa kowa ba."

"Ban buɗe ba ai," in ji Sista. "Kallo kawai nake yi."

Na ce, "Sista, mutumin nan ko aya bai sa ba."

"Yaya, ni za ka gaya wa? Ni na rufe masa ido. Na san ba shi ba ne." Ta juya wayar a tafinta. "Amma da safe idan ta yi ƙara, kafin in tuna, sunansa ne a sama. Ɗan wannan lokacin fa? Idan kun wanke na'urar shi ke nan."

Can Auta ta ce a hankali, "Mama, da a ɗakinku na asibiti ne, za ki bar mai cuta ya yi ta yawo a baranda don danginsa na kewarsa?"

Sista ta ajiye wayar. Sannan ta ja kujera gaban kwamfutar ta ce a nuna mata maganin.

Ba ta bari an zaɓa mata ba. Ta yi wa manhajojin kashe ƙwayar cutar kwamfuta tambayar da take yi wa sabon magani: wa ya yi shi, daga ina za a ɗauko, ana sabunta shi ko ya kwana biyu a haka. Auta ta ce daga shafin masu shi kaɗai ake ɗauka, kuma duk wanda ya faɗo allo yana ihu a rufe shi.

"Kamar mai tallar magani a mota," in ji Sista. "Ashe irinsa na saya da tsufana."

Ta so a sa biyu don ƙarfi, Auta ta ce faɗa za su yi da juna. Wannan ta gane shi ba sai an yi bayani ba. Suka sa ɗaya, suka canza kalmar sirrin imel ɗin, manhajar ta shiga bincike. Muna zaune muna kallon wani siririn layi yana cika, kamar masu jiran sakamakon gwaji.

Da ta kama abin, sai ta ba da zaɓi: a goge, ko a keɓe.

"Gogewa za mu yi," in ji Auta.

Sista ta riƙe mata hannu. "Keɓewar fa, me suke nufi?"

"Za a kulle shi inda ba zai iya taɓa komai ba. Amma yana nan."

"Ana ganinsa?"

"Sunansa kawai."

"To, keɓe shi."

Tun ranar saƙo bai sake zuwa wa kowa ba. Sista na kula da na'urar kamar majinyaci, idan an ce sabuntawa ba ta ɗagawa zuwa gobe.

Kwanaki na shiga gidan da hantsi, na yi sallama ba ta ji ba. Tana zaune a lungun falo, ta buɗe wurin da aka keɓe abin. Layi ɗaya ne tak, haruffa da lambobi a cakuɗe, ko sunan Sakatare babu a ciki. Tafinta na kan gilashin allon. Da ta ji motsina ta ɗauke hannun, ta ɗauko tsumma ta goge shatin, ta mayar da marufin.

"Yaya," ta ce, "shayi?"